Abin da na faɗa wa Iliya a ƙofar gida

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rifkatu, mai bandar kifi a Argungu, wadda ta riƙe ni bayan iyayenmu sun rasu. Duk shekara ina tuna ta da daɗin rai. Bana kuwa kunyarta nake ji, kamar tana zaune a gefe tana kallona.

Yaya ba ta yi boko ba, amma wa'azi ɗaya gare ta, ta kuma yi ta maimaita shi har muna yi mata dariya. Shekarar da na faɗi jarrabawa, na ƙi cin abinci, na ce Allah ya juya mini baya. Ta ture mini kwanon tuwo ta ce, "Kai Yohanna, mi Yesu yay yi kahin Uba ya kira shi ƙaunatacce a bakin kogi? Ko makaho guda bai buɗe ma ido ba tukuna. Ci abincinka." A wurinta babban gwajin Shaiɗan shi ne ya sa mutum ya ɗauka sai ya yi bajinta za a so shi.

Yau ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, kuma ina da girman kai, ba na musu. Ɗana Iliya ya bar karatun jinya, ya ce zuciyarsa ba ta ɗaukar ganin jini, ya koma tuƙa Keke Napep. A coci sai in ga tsarana suna fitowa godiya saboda 'ya'yansu sun gama makaranta, ni kuwa in sunkuyar da kai. Ran nan na tare shi a ƙofar gida na ce, "In kai ɗana ne, ka koma makaranta ka nuna mini." Ya kwashe kayansa ya koma wurin abokinsa a Gwadangaji, uwarsa kuma ta daina yi mini magana sai ta dole.

Lahadin farko na azuminmu na Kirista, a coci aka karanta labarin gwajin Yesu a jeji. Da aka zo inda Shaiɗan ya nemi Yesu ya tabbatar da cewa shi Ɗan Allah ne, sai na tuna abin da na faɗa wa Iliya. Maganata ce sak, a bakin Shaiɗan. Da Yaya tana da rai, na san ba za ta yi faɗa ba. Tambayata kawai za ta yi ko ni wace jarrabawa na ci kafin ta so ni.

Ba ta bar gida ko gona ba, ko murhun bandarta ya rushe tuni. Wa'azin nan guda ta bari, shi ne kuma ya kai ni bakin titin Gwadangaji shekaranjiya, na tsaya cikin rana ina leƙa kowane Keke. Da Iliya ya gan ni ya tsaya, ya gaishe ni kamar baƙo. Na shiga na ce gida.

Muka isa gida. Ya tsaya a ƙofa bai kashe inji ba. Na ce ya kashe, an dafa abinci da shi.

Ya ce, "Baba, ban koma makaranta ba hwa."

Na ce, "Ban tambaye ka ba, ɗana. Shigo."