Sandar Japheth Mai Kiran Yaya Sarah

Ni ne akawun cocinmu a Palladan, kuma kujerun ofishina duka Malam Japheth ne ya saƙa su da igiyar roba. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa yana ƙarami. Ya yi makarantar makafi, ya koyi saƙa, ya dawo gidan yayarsa Sarah, a nan furfura ta same shi. Duk inda za shi, Yaya Sarah na riƙe da hannunsa. In aka ce masa ina gajiya, ita ke cewa babu gajiya.

A kasuwar Sabon Gari akwai Bibiana, 'yar Ibo haifaffiyar Zariya, mai sayar da manja da busasshen kifi, wadda mijinta ya rasu. Japheth ya daɗe yana son yi mata maganar aure. Amma duk zuwan da suka yi rumfarta, Yaya Sarah ce ke ciniki, ita ke hira, ita ke sallama. Burinsa bai wuce ya isa rumfar nan shi kaɗai ba.

Sai ga Remi, mai gyaran waya a Samaru, da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana da ya ƙera don a ɗaura a jikin sandar makaho. In akwai abu a gaba, sai ta yi ƙara. Japheth ya yarda a gwada a kansa. Abin da Remi ya manta shi ne, a Sabon Gari babu inda babu abu a gaba. Tun daga tasha sandar ke tsala ihu, har wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba, motar asibiti ka haɗiye?"

Remi ya cire ƙarar, ya mayar da ita girgiza a tafin hannu. Da idona na ga Japheth ya kauce wa kwatar bakin coci babu mai riƙe da shi. A ganina aiki ya ƙare a nan. Amma Remi yaro ne mai himma, duk Asabar sai ya zo jin abin da ya rage.

"Baba, me za a ƙara?"

"To, ni dai..."

"In ya ɓata fa?" in ji Yaya Sarah. "Ka sa abin da zai nuna mini inda yake."

Remi ya sa. Wata Asabar ta ce in ya faɗi fa? Remi ya sa na'urar ta riƙa kiran wayarta da kanta, muddin sandar ta daɗe ba ta motsa ba, har da 'yar lasifika don ta ji shi ya ji ta. Da haka ne ma ta yarda ya fara fita shi ɗaya.

Abin da ya faru a rumfar, Bibiana ce ta ba ni labari, na kuma tambayi Japheth daban, maganarsu ta zo ɗaya.

Ya sa kaftaninsa na zuwa coci, ya hau keke napep, ya bi layin 'yan kifi har ya iso. Ta ba shi benci. Ya jingine sandar, suka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, ya sake tambayar yara. Ya gyara murya ke nan zai shiga magana, sai sandar ta buɗe baki.

"Japheth! Ka faɗi ne? Jama'a, akwai wani kusa? Ku ɗaga shi!"

Maƙwabtan rumfa suka taso. Bibiana ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ban faɗi ba, a zaune nake."

"Zaman me kake a wurin kifi? Muna da kifi a gida."

Japheth ya ga asiri ya riga ya tonu, sai ya juya wajen sandar ya ce, "Tunda kina ji, ki ji da kyau. Auren Bibiana na zo nema."



"Malam Japheth," in ji Bibiana, "ni kake nema ko sanda? Ka juya mini ƙeya kana faɗa mata. Je ka sauke yayarka daga ciki, ka dawo ka tambaye ni."

Daga kasuwar bai zarce gida ba, sai shagon Remi. Ya ce a sa masa makunni, wanda zai kashe kiran in ya ga dama. Remi ya ce ai abu ne mai sauƙi, ba a dai taɓa nema ba. Kafin a gama gaisawa da masu shago ya haɗa shi.

Da Japheth ya koma, ya kashe kiran tun daga bakin kasuwa, ya fuskanci Bibiana ya yi tambayarsa. Ta amsa. Yaya Sarah ta yi fushin mako guda, sannan ta karɓe ragamar shirin biki gaba ɗaya, har launin ankon ita ta zaɓa. Ni na shigar da auren a rajistar coci.

Ba a jima da biki ba na je Samaru gyaran wayata, na tarar da amarya a shagon Remi, sandar na hannunta. Ta zo ne a cire lambar Yaya Sarah a sa tata.

"Wannan makunnin kuma fa, Remi," ta ce, "ba ya ciruwa ne?"

Remi ya juya sandar yana dubawa, ya ce zai gani.