Bodil da Makullin Bakin Teku

Duk garin Kerteminde na bakin teku babu wanda bai san Bodil Kragh ba, tsohuwar da ke wucewa a kan keke da tawul a wuya tun masu gasa burodi ba su buɗe ba. A wurin kyafa kifi ta ƙare ƙarfinta, har ta bar aiki warin hayaƙi bai bar gashinta ba. Bayan ciwon zuciya ya kayar da mijinta Ejnar a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi, bai ƙara tashi ba, sai ta shiga ƙungiyar masu wankan teku a tsakiyar sanyi. Kowannensu da makullinsa na ɗakin katakon da suke tuɓe kaya, su kuma gasa jiki idan sun fito. Nata yana rataye a ƙusa kusa da firij.

Haƙori ne ya jawo rigimar. Turminta ya ruɓe, ɗanta Torben ya kai ta wurin likita. Ana yi mata allurar kashe zafi a dasashi sai zuciyarta ta hau bugawa kamar ana daka, hannuwanta suna kyarma, fuska ta yi fari fat. Likitar ta dakata, ta kwantar da ita, ta ce a cikin allurar akwai adiranalin, wanda ke tsuke jijiyoyin jini don maganin ya zauna a wurin, jini kuma ya ragu. Wani lokaci kaɗan yakan zille ya bi jini, ya zaburar da zuciya, amma ba ya daɗewa. Haka kuwa aka yi, nan da nan ya lafa. Ta ce nan gaba za a yi mata marar adiranalin, ta kuma tura ta a duba zuciyar. Aka duba, aka ce garau take.

To amma Torben yana tsaye ya ga fuskar uwarsa, kuma shi ne ya tsinci ubansa a bakin ƙofa. Bayanin likita ta kunnen nan ya shiga ta wancan ya fita. Washegari Bodil ta miƙa hannu ɗaukar makulli, sai ƙusa; Torben ya ɗauke shi.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ƙawayenta sun ce su ara mata nasu, ta ce ba ta tsufa don ta yi aron ƙofarta ba. Ta kira Torben, ya ce zuciyar da allura ɗaya ta girgiza ba za ta ɗauki ruwan ƙanƙara ba.

"Kai yaro, saurara," in ji ta. "Gobe zan shiga, da makulli ko babu. In babu, a kan gadar katakon da muke sauka ruwa zan tuɓe, duk gari su sha kallo, in fito ba inda zan ji ɗumi. Zaɓi ya rage naka."

Ya zo, ba don ya so ba, hannu a aljihu, fuska a murtuke. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ajiye rigarta a kan katako, ta bi tsani ta gangara har ruwa ya kai mata wuya, tana fitar da numfashi a hankali yadda ta saba. Shi ne ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Da ta fito, jikinta jawur, ta kama yatsunsa ta ɗora a wuyan hannunta. Bugun yana tafiya da ƙarfi, amma daidai. Sannan ta juya nasa hannun ta danna. Yana gudu kamar zai fasa fata.

"Ni dai allura aka yi mini," ta ce. "Kai fa, wa ya yi maka?"

"Mama, ni na ɗaga Baba," ya ce.

Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta saki hannun ba.

"Na sani, Torben. Shi ka ɗaga, ba ni ba. Ni ga ni a tsaye, kuma sanyi nake ji. Buɗe ƙofar."

Ya zaro makullin, hannunsa ya kasa saita ramin. Ta karɓa ta buɗe da kanta.