Haddar Yaya ta fara zubewa

Mun tashi daga Kaduna ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina ma'aikacin jinya. Baba ne ya kira ni gida, unguwarmu Shahuci. Ya ce haddar Yayana tana zubewa, ga azumi ya matso, kuma Yaya ake sa ran zai ja baƙi a tafsirin masallacin unguwa, wato ya karanto aya da ka malam ya fassara, kamar yadda Baba ya yi kafin muryarsa ta dushe.

Kuɗin mota ya sake tashi. Hanyar kuma wani wurin sumul, wani wurin sai an koma hannu ɗaya. A Zariya muka sha koko da ƙosai a tsaitsaye. Wataƙila don abin yana raina ne, amma na lura duk motar kowa ya sunkuya a kan waya. Har direba yakan saci kallon tasa, sai da wata hajiya daga baya ta ce, "Malam direba, in ka gama da su ka ɗan gaishe mana da titi."

Da hantsi muka shiga cikin gari. Lungunmu yana nan yadda na san shi, sai dai kusan kowane zaure an kafa teburin cajin waya. Umma ta tarbe mu da gurasa, abokina ya ci har ya nemi ƙari.

Bayan azahar aka zauna tilawa a zaure. A gidanmu in mai karatu ya cije, Baba ba ya tuna masa. Yakan ɗan bugi tabarma da carbi, a koma baya a sake tahowa har ayar ta zo da kanta. Yaya ya yi nisa, sai ya cije. Kafin carbin ya taɓa tabarma hannun Yaya ya riga ya shiga aljihu neman waya.

Baba ya ce, "Bar ta. Jira ayar, za ta zo."

Yaya ya ɗan jira, ya ce, "Baba, kan ne ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Huluna yake sayarwa ta waya, daga nan cinikin ya zarce kallon bidiyo, yini guda.

Washegari abokina ya raka mu wani asibiti aka yi wa Yaya hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ce bai ga ciwo ba. Na zaci Yaya zai yi murna, sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Ina jin ya so a ce cuta ce mai magani.

Da muka dawo Baba ya ce, "To kai da ka yi boko, wayar ce?"

Na ce iyakar abin da na karanta, ana ganin ɗan bambanci a sassan ƙwaƙwalwa da ke riƙe hankali da kame kai ga masu yawan danna waya. Amma ba a tabbatar ko wayar ce ta jawo ba, ko kuwa dama can haka suke. Kuma hoton mutum ɗaya ba ya nuna wannan.

"Haddar za ta dawo?"

"Mai yiwuwa, Baba. Ban sani ba."

Sai Baba ya aika a gaya wa liman a nemi wani mai jan baƙi bana. Yaya yana zaune a wurin.

Mun dawo Kaduna lafiya, alhamdulillahi. Ba zan ce ku yar da wayoyinku ba, ba ni da hujjar da ta kai haka. Abin da na gani da idona dai shi ne, karatun yana nan a ƙirjin Yaya, don ranar da za mu taho na ji shi a ɗaki yana karanta wurin da ya cije ba gargada. Jiran ne ya kasa. Ran farko na azumi zai zauna cikin sahun masu saurare, Baba kuma ya ce shi a gida zai zauna.