Da Sauƙi, Likita

Shekarun baya, lokacin da korona ta hana mutane sakat, aka yi wa 'yata ta fari aiki a Sakkwato. Taifot ne ya huda mata hanji tana da shekara shida. Da za a sallame mu, likitar da ta yi aikin ta ce kada mu riƙa dawowa, an rage masu shiga asibiti. Ta karɓi lambata, ta ce duk bayan kwana uku za ta kira ta ji yadda ɗinkin yake.

Mu a Tsamaye, ɗan fari ba naka ba ne. Tun da aka yaye yarinyar take ɗakin mahaifiyata. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Ko a asibiti mahaifiyata ce ta yi jinya, ni ina waje ina sayo magani. Har ga Allah alfahari nake yi da wannan kunya.

To in likita ta kira, sai in tsaya daga bakin ƙofa in ce, "Inna, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Ni kuma in ɗauko da sauƙin nan da ɗuminsa in miƙa wa likita. Na manta cewa Inna ko rai na fita, da sauƙi za ta ce. Sau uku muna haka.

A kira na huɗu likitar ta ce, "Malam, kai ka gani da idonka?" Na ce a'a. Ta ce, "Kunna bidiyo, ni za ni gani."

Bidiyo ba ya kamawa sai a kan tudun bayan makarantar firamare. Yarinya ba ta iya tafiya, Inna ba ta iya hawa. Na tsaya ina susar ƙeya, har Inna ta daka min tsawa: "Mi kaka jira? Ɗauki ɗiyarka! Kunyar ga ta isa hakanan."

Na rungumo ta na ratsa gari da rana tsaka, kowa na kallo. Jikinta zafi kamar murfin tukunya. Sai a lokacin na ji warin ciwon.

A kan tudu na ɗaga rigarta na haska wayar. Ɗinkin ya kumbura, mugunya na tsatsowa. Likita ta ce in danna gefensa a hankali. Yarinya ta ƙwalla ƙara tana fizge-fizge. "Kira sunanta, ka lallashe ta," in ji likitar. Na kira sunan. Ta yi tsit tana kallona.

"Ku tafi asibitin Sabon Birni yanzu-yanzu," likitar ta ce. "Za ni kira su. Kada ka bari ta kwana."

Ranar aka buɗe ciwon aka wanke. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya ce da mun ƙara kwana biyu, da labarin ya bambanta. Allah ya tashi kafaɗunta, yanzu har ta kusa gama firamare.

Ban daina ganin darajar kunya ba, amma tun ranar ban sake tambayar jikin 'ya'yana daga bakin ƙofa ba. Abin da har yau yake sosa min rai shi ne maganar da yarinyar ta yi a kan babur, muna hanyar asibiti. Ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Baba, ashe ka san sunana?"