Robar Maganin Da Na Jefa Masai

Ban yi boko ba. Autata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa ina share hawaye.

Ɗan farina ne ya fara zuwa kwaleji a Kano duk gidanmu. A ƙauyenmu na wajen Ajingi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi. "Kai" nake ce masa, in ajiye masa tuwo in juya. A da mahaifinsa ne ke kai maganata gare shi, to shi kuma Allah ya yi masa rasuwa.

Wani hutu lokacin cirar gyaɗa ya dawo gida. Na buɗe jakarsa zan wanke masa kaya, sai ga wata farar roba cike da ƙwayoyi, an ɓare takardar jikinta, an cusa ta cikin safa. Na sha jin mata a gidan suna suna cewa ƙwaya ta lalata 'yan makaranta. Tambayarsa kuwa ba zan iya ba. Na ɗaga murfin masai na jefa, har ina ganin na yi dabara.

Washegari na gan shi yana zazzage jakar. Ya dube ni, na dubi murhu.

Shekara ba ta cika biyu ba aka sauke shi daga mota a riƙe, duk ya rame, ga tari. Muka kai shi asibiti a Gaya. Ina yi masa fifita ya ce, "Inna, ke kika ɗauke robar nan?"

Na ce, "Ni ce."

"Maganin ƙanjamau ne. An zo makarantarmu ana gwaji, na yi, aka ce ina da ita. Suka ce in ina sha kullum zan gama karatuna, in yi aure, har in tsufa."

"To me ya hana ka karɓo wani?"

"Na ɗauka kin gane ne, kina ƙyamata. Sai na ce to na sha don wa."

Ranar na fara kiran sunansa da bakina. Na kira, na sake kira, yana amsawa yana murmushi. Kwanansa tara bayan nan. Mutane na ce min kwana ne ya ƙare, na sani, amma hannun nan nawa ne ya ɗaga murfin.

Bana auta ta samu kwaleji. Na zaunar da ita na ce kafin ta tafi sai an gwada ta, kuma can ma in an zo gwaji kada ta ɓuya.

Ta rufe fuska ta ce, "Kai Inna, ke da bakinki?"

Na ce, "Ni da bakina. Tare za mu je Gaya, ni za a fara ɗiban jinina. In wata rana aka ba ki magani, ko na mene ne, ki ajiye robar a kan faifaina. Ni zan riƙa ɗebo miki ruwan sha."