Dogon Hijabina da Hannun Maƙwabciyata

Ƙarfe shida da rabi na safiyar wata Litinin, mu tara ne tsaye a gefen wani fili a unguwar Setapak, a ƙasar Malesiya: matan Malesiya shida, mai horar da mu, ni, da maƙwabciyata, wata ɗaliba 'yar Filato. A lokacin shekarata talatin da ɗaya. Na biyo maigidana ne da ya zo karatun digiri na uku, ni kuwa iyakata sakandare. Ban taɓa hawa keke ba, domin a gidanmu 'ya mace ba ta hawa. Maƙwabciyar ce ta sa sunana a sansanin horon keke na mata, na kwana shida, wai zaman ɗaki ya kusa mayar da ni kujera.

Har yau ina kewar kwanakin nan. Da farko a duba birki da iskar taya, sannan a zagaya fili sau goma, sannan mu zauna a shagon abincin da suke kira mamak mu sha shayi da gurasar roti, gumi na zuba. Maƙwabciyata ke riƙe mini sirdi tana gudu a bayana, tana tsokanata da cewa Hajiya, ba a tuƙi da ido a rufe. A rana ta uku ta sake ni ban sani ba, na yi nisa ina ta yi mata magana ni kaɗai.

Mai horar da mu Musulma ce. Ta nuna mini yadda suke cusa gajeren hijabi cikin riga, ta ce an hana duk tufar da ke lilo kusa da taya. Na amsa da to, amma a raina na ce ba ita za ta koya mini sutura ba. Ranar ƙarshe za mu fita titi a jere. Na tsaya aka duba ni da gajeren, ana gamawa na zaro dogon hijabina daga jaka na zura, don kada 'yan ƙasarmu su gan ni a hanya. Maƙwabciyata ta ce in cire, na ce ta ƙyale ni. Sai ta ce to ita za ta bi bayana ta sa ido.

A wata gangara hijabin ya naɗe a tayar baya, keken ya tsaya cak, na faɗi. Ni gwiwa kawai na kuje. Ita ta kauce don kada ta taka ni, ta bugu da dakalin titi, hannunta na dama ya karye, saura wata ɗaya ta fara jarrabawar ƙarshe.

Wannan ne kuskurena na farko. Na biyu ya fi shi muni: ban je dubiya ba. Hawa ɗaya ne tsakanin ɗakunanmu, amma sai in dafa tuwo in ba maigida ya miƙa mata. Ta aiko a ce mini hannu zai ɗoru, in sauko mu yi hira. Na ce gobe. Haka na yi ta cewa har wata huɗu, ta rubuta jarrabawar da aka ɗage mata, ta koma Jos ban taka ƙofarta ba. Daga baya na ji ta ce karayar ba ta yi mata ciwo kamar rashin zuwana ba.

Na gane cewa abin da na kira kunya girman kai ne, duka sau biyun. Don haka ina roƙon mai karatu abu biyu. Na ɗaya, idan wanda ya san aiki ya kafa doka, a bi, domin wani ne zai iya shan wahalar taurin kanka. Na biyu, idan akwai wanda ka cuta kana jin nauyin haɗa ido da shi, kada ka aika kowa. Ka tashi yau ka je da ƙafarka.