Wutsiyar Saniya a Ruwan Bakolori

Shekarun baya, bayan ɓarayin daji sun kore mana shanu a wajen Gidan Goga, muka tattara abin da ya rage muka sauka Talata Mafara, ni da mahaifiyata da ƙannena. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Ni da na tashi ban san komai ba sai sanda da garke, sai ga ni a bakin dam ɗin Bakolori ina neman abin yi. Ko iyo ban iya ba, ƙarnin kifi kuwa tayar mini da zuciya yake yi.

Wani dattijo mai kwalekwale, wanda kowa ke kira Baba, ya tausaya ya ba ni wuri a bayan jirginsa. Amma ya faɗa mini gaskiya cewa gwaji ne. In rani ya wuce ban kama abin kirki ba, zan sauka, domin akwai ɗan ƙanensa a Bakura da ke jiran wurin. Wannan ɗan katakon da nake zama a kai kuwa shi ne tuwon gidanmu.

Mutanen jirgin Baba giwan ruwa suke nema da fatsa, can wajen zurfi. Ƙugiya ce mai kan dalma, an ɗaura mata gezar roba. A sake ta ta nutse, a riƙa fizgo ta tana komawa, babban kifi ya zaci ɗan kifi ne marar lafiya ya kai mata cafka. Gezar kowa ja ce. Baba ya yi imani da ja kamar yadda ya yi imani da fitowar rana.

Ya ara mini jajaye, na bi su ɗaya bayan ɗaya na maƙale su a kututturan da ruwa ya shanye. Da ya gaji ya ce in nemo tawa. Ranar kasuwa na je rumfar mahauta na roƙi gashin wutsiyar wata farar saniya da aka yanka. Da na riƙe gashin nan sai da idona ya ciko, don rabona da taɓa jikin saniya tun ranar da aka raba mu da namu. Na kai gida na wanke, na ɗaure a ƙugiya da zaren ɗinkin mahaifiyata.

Da safe ina ciro ta jirgi ya ɗauki dariya. Baba ya karɓa ya jujjuya.

"Ɗan Hillani, wanga mi na? Kiwo kaz zo ko su?"

Na ce, "Su niz zo, Baba."

"To kihin Bakolori bai san hwari ba, ja shika ci. Tun ba a haihe ka ba nike bisa ruwan ga. Cire abin ga, kak ka ja muna rashin sa'a."

Ni kam Allah ya yi ni da taurin kai, kuma ranar zuciyata a kusa take. An ƙwace mini shanu, an ƙwace mini gari, yanzu ɗan gashin ma a ce in yar? Na ce, "Baba, kihin ne yah hwaɗa maka? Ba ni cire ta. In sauka ta, in sauka da abata."

Wani ya ce yaron nan ba shi da kunya. Baba dai ya tura jirgi, amma na san na sa wa kaina igiya a wuya.

Abin dariyar shi ne tsoro ne ya taimake ni. Su suna fizga da ƙarfi har da kafaɗa. Ni ko in na motsa sai in ga kamar jirgin zai kife da ni, don haka na ƙame wuri guda, yatsu da wuyan hannu kawai ke aiki. In ja kaɗan, in saki, in dakata, in sake ja. Sai daga baya na lura ashe tatsa nake yi, irin yadda hannuna ya saba a ƙarƙashin saniya. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji an finciki zaren kamar maraƙi ya tsinke. Na ƙwalla ihu ina kiran Inna, sai da mutum biyu suka riƙe mini ƙugu muka ɗago shi. Giwan ruwa ne, ya kusa kai tsawon ƙafata.

Aka ce sa'ar sabon shiga ce. Da aka ga abin ya ƙi ƙarewa, Baba ya ce mu yi musaya. Ya karɓi farata, ya ba ni jarsa. Ya yini yana fizga bai samu ko taɓi ba, ni kuma na kama da jar tasa a gabansa. Na ce, "Baba, ka gani? Ba launi na ba, hannu na."

Ya ce, "To ai da ja kak kama."

Ban san lokacin da na yi dariya ba. Sauran kuwa suka juya gaba ɗaya, kowa ya ruga wajen mahauta neman farar wutsiya, wai fari ne sirrin. Don in ƙure su na rina wata da lalle, wata da shuni, duk na kama da su. Abin da zan iya yarda da shi kawai, in damina ta dama ruwa ya yi kauri, mai duhu takan ɗan fi. Bayan wannan, duk wanda ya ce mini kifi na zaɓen launi kamar mace a shagon atamfa, sai mun yi.

Rani ya wuce, ba wanda ya sake zancen sauka. Ɗan ƙanen Baba ya samu wani jirgin.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, in ka zo wuri baƙo, kowa zai gaya maka abin da ba a yi. Ka saurara da ladabi, amma ka bari ruwa ya yanke hukunci. Da na yar da gashin nan don kunya, da na ci gaba da kwaikwayon fizgar da ba tawa ba har a sallame ni.

Yau ina da jirgina. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa sun hana shi fita shi kaɗai. Ni nake zuwa in ɗauko shi, in zaunar da shi a gaba, in ɗaura masa jar gezarsa da hannuna tunda ba ya ganin zaren. In ya kama sai ya ɗago ta ya ce, "Ɗan Hillani, ka ga aikin ja?"

Jakarsa zan ɗauka, takalminsa ma zan ɗauka. Amma har gobe amsata ɗaya ce: "Hannunka na, Baba."